Talabijin ɗin Amana

A shekarata ta uku ina fassara labarai a gidan rediyo a Kaduna na zo gida Safana hutu, damina tana gab da ɗaukewa, na tarar mahaifinmu ya kwana goma sha ɗaya ba ya amsa gaisuwar ƙanena. Inna ce ta faɗa mini tun ban gama shan ruwa ba. Ta ce kullum da safe ƙanen nawa zai durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Malam, ina kwana," Malam ya ci gaba da duba littafinsa. Ta ce har an yanke magana: in an gama girbi, ya kwashe matarsa da 'yarsa ya nemi wurin zama.

"A kan me?" na tambaye ta.

"A kan akwatin nan na Alhaji. Ya ƙi kamawa."

Mahaifinmu malami ne, mu ma Malam muke kiransa kamar kowa. Bayan karatu, abin da aka fi saninsa da shi riƙon amana. Akwai wani ɗaki a bayan zaure wanda mutane suke kawo ajiya: buhun gero, akwatin ƙarfe, takardar gona, keken ɗinki, sirdi. Makiyayi zai tafi da shanu wata huɗu, ya dawo ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Tun muna yara muka san ba a wasa kusa da ƙofar ɗakin nan.

Alhajin kuwa Bafulatani ne mai shanu daga wajen Tsaskiya, abokin Malam tun suna samari. A shekarun nan da kuɗin mai ya shigo ƙasa, aikin Hajji ya yi sauƙi ga mai garke, ya je ya dawo da tsaraba, a ciki har da ƙaramar talabijin mai hoto baƙi da fari wadda take aiki da batirin mota. Ruga ba wurin ajiye irin wannan ba ce, sai ya kawo wa Malam. Malam ba ya son abin, amma ba ya mayar da amana. Ya sa aka ɗora ta a kan benci a ɗakin ajiya, ya juya fuskarta ga bango.

Sau uku da rani Alhaji ya zo gari ya sa aka fito da ita ƙofar gida bayan La'asar. Ƙanena ne mai haɗawa, domin shi direban a-kori-kura ne, yana jigila tsakanin Safana da Batsari, kuma shi kaɗai ke da batir a unguwar. Ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya jona waya, mutane suka taru suna kallon inuwoyi dishi-dishi suna motsi. Da ruwa ya sauka Alhaji ya bi shanunsa, talabijin ta koma kan benci. Yanzu ya aiko cewa ran Asabar zai zo ya ɗauke ta ya kai wa babban ɗansa da ya yi gini a Batsari. Malam ya ce a gwada ta kafin mai ita ya iso. Aka jona batir, aka murɗa makunni, ta yi ɗas sau ɗaya, daga nan ko ƙyas.

Da na je gaishe shi, Malam ya shimfiɗa mini hujjarsa yadda yake shimfiɗa mas'ala ga ɗalibai. Abu ya shiga ɗaki da lafiyarsa. Ba ya tashi sai da batir. Mutum ɗaya ke da batir, shi ne kuma ya iya haɗawa, kuma ya san ƙusar da ake rataye mabuɗi. Ya ce ba ɓarnar ce ta dame shi ba, musun ne.

"Ya so ya rantse," in ji Malam. "Na hana shi. Ba zan bari ya haɗa biyu ba, ga ƙarya ga rantsuwa a kanta."

Ƙanena ya bar karatu yana tsakiyar littafi ya bi direbobi, kuma tun daga lokacin Malam yake auna duk maganarsa sau biyu. Gaskiyar da zan faɗa a nan ita ce hujjar ta gamsar da ni.

"Kai da kake aiki a gidan waɗannan abubuwa, duba mana," in ji Malam.

"Malam, ni magana nake juyawa daga Turanci. Injinan wasu ne ke kula da su."

"Ai duk gida ɗaya ne."

Na yi iyakar abin da na ga injiniyoyinmu suna yi in na'ura ta mutu, wato a fara daga inda wuta ke fitowa. Batirin yana kunna fitilar mota, yana busa oda, saboda haka ba shi ba ne. Na bi wayar da yatsa tun daga bakin batir har inda ta shige, babu inda ta tsinke. A bayan akwatin na sami ɗan murfi, na kwance, na zaro fiyus, ɗan gilashin nan mai siririyar waya a ciki. Ya yi baƙi. A nan ilimina ya ƙare. Na ce a bar ni in kai ta Batsari, inda na ji akwai tsohon soja mai gyaran rediyo.

Washegari ranar kasuwar Batsari ce. Ƙanena ya ɗauki fasinja da buhuna a baya, ni na zauna gaba da talabijin a cinyata, na naɗe ta da bargo. Hanyar duk ruwa ya cinye ta, ga dawa ta fi mota tsawo hagu da dama. Mun yi tafiya mai nisa. Can na gyara murya, na yi magana da irin muryar da nake ganin ta babban wa ce.

"In ka kunna ta ko sau ɗaya ne, faɗa mini ni kaɗai. Na san yadda zan shigar wa Malam da maganar."

Ya sauya giya, ya kauce wa wani rami.

"Yaya, riƙe ta da kyau, gaba akwai gargada."

Na ƙara rungume ta har muka isa.

Mai gyaran yana wata rumfa kusa da tasha. Kowa Kofur yake ce masa. A soja ya koyi aikin, wajen masu kula da na'urorin sadarwa, bayan yaƙin basasa ya dawo gida da ɗingishi da mitar auna wuta guda mai allura. Garin ba wutar lantarki, saboda haka ƙarfen da yake narka dalma da shi a cikin garwashi yake, kamar na mai dutsen guga. Muka gaisa, ya tambayi Malam, ya tambayi hanya, ya tambayi Kaduna. Ƙanena ya ajiye masa batir ya tafi sauke kaya.

"Kai ne mai labarun duniya?" in ji Kofur. "To ba ni labarin wagga. Mi ta yi?"

"An ce ran da aka gwada ta, ta yi ɗas sau ɗaya, shi ke nan. Ba haske, ba ƙara."

"Gara haka. Wadda ta mutu ɗungurungum ta fi mai ciwon yau da gobe sauƙin sha'ani. Ta faɗi?"

"A'a."

"Kowa haka yake cewa. An juya mata waya, ja a wurin baƙi?"

Na ce ban sani ba, amma ƙanena ya faɗo mini a rai, domin in an juya waya, mutum ɗaya ne zai iya juyawa.

Ya duba fiyus ɗin a hasken rana, ya sa sabo, ya jona batir. Na ga ɗan walƙiya a cikin gilashin, sabon ma ya ƙone. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da yake jira. Ya ce fiyus ba ya ƙonewa don kansa, mai gadi ne, in ya faɗi to akwai abin da ke jan wuta fiye da ƙima a ciki. Ya kwance kusoshi huɗu, ya jera su a murfin gwangwanin madara, ya cire bayan akwatin.

Ban taɓa ganin cikin talabijin kusa haka ba. A ƙarƙashin wuyan gilashin akwai wani faranti ruwan ƙasa, wanda masu gyara suke kira fanel, an dasa masa ƙananan abubuwa masu ƙafafu, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar ƙaramin gwangwani. A bayansa siraran layukan tagulla ne suka bi ko'ina kamar hanyoyin ƙafa a taswira. Kofur ya ce wuta ta waɗannan layukan take bi, kuma aikinsa shi ne ya bi sawunta daga ƙofa har inda ta kauce.

Ya fara da abin da nake tsoro. Kusa da inda waya ke shiga akwai wani ɗan baƙin abu mai zobe fari, ya ce an sa shi ne domin ya mutu in an juya waya. Ya zaro ƙarfe daga garwashi, ya goge bakinsa da tsumma, ya ɗaga ƙafa ɗaya ta abin, ya ɗora masa bakin mita. Allura ta tashi. Ya juya wayoyin mitar, allura ta kwanta.

"Lafiyatai ƙalau," in ji shi. "Ba wanda ya juya mata waya."

Ya mayar da ƙafar, ya wuce gaba. Haka ya yi ta yi, abu ɗaya bayan ɗaya: ya ɗaga ƙafa, ya auna, ya duba ko jan wutar ya tafi, ya mayar. Bai taɓa cire biyu a lokaci guda ba. Wata mata ta zo da rediyo, ya ce ta dawo bayan Azahar. Wani dillalin shanu ya tsaya yana ba da shawara cewa a buga mata hannu a gefe, nasa rediyon haka yake yi masa ya tashi.

"Kai kam ko ɗanka ya yi zazzaɓi mari za ka ba shi," in ji Kofur, bai ɗago kai ba.

A wajen wani tiransisto babba da aka ɗaure a jikin ƙarfe allura ta buga har ƙarshe ta kowace fuska. Ya ce wannan shi ke daidaita wuta kafin ta bazu, kuma ya mutu. Na ɗauka an gama. Ya cire shi, ya sake auna layukan da babu shi, allura ta sake motsawa, ba da yawa ba, amma ta motsa. Ya tsaya yana kallonta.

"Wanga ba shi ya fara ba, kashe shi aka yi. In na sa sabo yanzu, bayan kwana biyu ku dawo kuna zagina."

Ya zame fanel ɗin gaba ɗaya daga mazauninsa, ya fito da shi bakin rumfa, ya sa tabarau. A gefen da ke ƙarƙashin ramukan shan iska na murfin baya akwai wani baƙin dabbare mai ƙyalli, faɗinsa bai fi tafin jariri ba, ya kwanta a kan layuka huɗu ko biyar. Gefunansa sun yi kore. Wani layin ya cinye har ya rabu. Kofur ya ɗauko murfin baya ya juya cikinsa, sai ga sawun ɗigo, layi-layi, daga ramukan zuwa ƙasa, wani kan wani.

"Ɗakinku na yoyo?"

"Ba ya yi."

"Ruwan sama ba ya baƙi haka. Ɓera kuma na san warinsa."

Ya kankaro kaɗan da bakin reza, ya murza a yatsa, ya shinshina, sannan ya taɓa a harshe. Ya tofar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Na yi allo shekara bakwai kafin in shiga soja. Wagga tawada ce. Da ƙaro a cikinta."

Nan take na gane. Duk safiyar Juma'a, tun kafin a haife ni, Malam yana rubuta ayoyin tsari a allo, ya wanke a ƙoƙo, ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai ya yayyafa a kan kayan mutane, domin wuta da ɓarawo da gara. Buhu yana shanyewa. Akwatin ƙarfe yana bushewa. Ba a taɓa kawo masa ajiya mai ramuka a baya ba, kuma da hannunsa ya juya ramukan suka fuskanci ɗaki. Na ƙirga Juma'o'in damina a zuciyata, na daina.

Kofur ya yi mini bayanin sauran kamar yana karanta rahoto. Tawada gawayi ce, gawayi kuwa yana ba wuta hanya. Ƙaro yana riƙe laima. Da rani abin zai bushe ya yi shiru, da damina sai ya zama gada tsakanin layukan da bai kamata su haɗu ba. Ranar da aka jona batir, wuta ta bi gadar.

"Wato ko ba a kunna ta ba tun rani, haka za ta yi?"

"Wanda ya kunna ta ran nan shi ya fara kunna ta tun da abin ga ya taru. Da an kunna kafin nan, da tun sannan ta mutu, da ba a ji ɗas ɗin nan ba."

Ya wanke wurin da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a rana, ya ɗinke layin da ya rabu da silin waya, ya ciro tiransisto daga wata matacciyar rediyon mota ya dasa. Ya auna sau biyu kafin ya sa fiyus na uku. Da ya murɗa makunni, sai wani siririn sauti, sannan gilashin ya yi fari yana yayyafi, lasifika tana shuu, domin da rana tasha ba ta buɗe ba. Na roƙe shi abin da ya kankaro, ya zuba mini a takardar sigari. Bai tambaye ni ko tawadar wane ne ba.

A hanyar komawa na faɗa wa ƙanena duka. Na zaci zai yi murna, ko ya yi fushi. Ya saurara har na gama.

"To," in ji shi.

Na kwana ina juya yadda zan faɗa wa Malam. Aikina ke nan a Kaduna, in sami kalmar da za ta faɗi abu daidai ba ƙari ba ragi, amma ba a koya mana yadda ɗa zai gaya wa uba ya yi kuskure a hukunci ba. Washegari Juma'a ce. Na riga shi zuwa ƙofar ɗakin ajiya, ya iso da ƙoƙo a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe takardar na miƙa.

"Mene ne?"

"Abin da aka samu a cikin talabijin, Malam. Shi ya kashe ta."

Ya ajiye ƙoƙon. Ya jiƙa yatsa, ya taɓa garin, ya ja layi a bayan hannunsa. Malam da kansa yake dafa tawadarsa, ya san ta.

"Ruwan addu'a ba ya ɓata abu," in ji shi a hankali.

"Ba addu'ar ba ce, Malam. Ruwan ne da ƙaron. Ta ramukan baya suka shiga."

Ya daɗe yana kallon bayan hannunsa.

"Mai gyaran ya ce ba a kunna ta ba?"

"Ya ce da an kunna, da ta mutu tun kafin ranar gwaji, da ba ku ji ta yi ɗas ba."

Ya ɗauki ƙoƙon ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa. Na ji ƙarar jan benci.

Ran Asabar Alhaji ya iso da hantsi tare da ɗansa. Ƙanena ya riga ya fita da mota. A zaure, gaban ɗalibai manya uku, Malam ya ce, "Alhaji, amanarka ta sami matsala a hannuna. Ni na ɓata ta, da hannuna, bisa rashin sani. An gyara, amma sai ka sani, kuma ina neman afuwarka." Ya faɗi yadda abin ya faru bai rage komai ba. Na san abin da wannan ya ci masa. Alhaji ya yi dariya har da riƙe gemu, ya ce to ai yanzu duk ƙasar Katsina babu talabijin mai tsari kamar tasa. Suka ɗaure ta a bayan babur suka tafi. Sunan ƙanena bai fito a zauren ba.

Da yamma ƙanena ya dawo ya durƙusa ya ce, "Malam, barka da yamma." Malam ya ce, "Barka kadai. Ya hanya?" Ya kuma gaya wa Inna cewa maganar tashi a bar ta. Inna ta zo ta same ni tana share ido da gefen mayafi, ta ce Allah ya kawo ƙarshen abin.

Na sami ƙanena a bayan gida yana zuba wa mota ruwa. Na ba shi labarin abin da Malam ya faɗa a zaure, kalma da kalma, ina ganin zai sanyaya masa rai.

"Afuwar Alhaji ya nema," in ji shi.

"Ka san Malam. Amsa gaisuwar nan ita ce maganarsa."

"Na san shi." Ya rufe murfin, ya goge hannu a wando. "Kai ma, Yaya, sai da Kofur ya lasa ya faɗa maka."

Ya ɗauki bokitinsa ya shiga gida.

Kafin in koma Kaduna na gwada sau ɗaya. Na ce wa Malam ina ganin yaron nan yana jiran kalma guda daga bakinsa. Malam ya ce, "Na amsa gaisuwarsa," ya jawo littafi. Ban matsa ba. Ni ma da nake ba da shawarar, ban faɗi tawa kalmar ba. Na yi ta shirya ta a zuciya har ranar tafiya ta zo, shi ne ma ya kai ni tasha, muka yi maganar farashin taya.

Bayan girbi Inna ta aiko mini da saƙo ta hannun wani direba cewa ƙanena ya kama haya a Batsari, ya ce can ya fi kusa da lodi. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya hana shi. Ya riƙa zuwa gaisuwa duk mako, yana kawo wa Malam goro da kananzir, su yi maganar ruwa da hanya, ya tashi kafin Magariba. Bai sake kwana a gidan ba har Malam ya rasu. Ɗakinsa ya shekara biyu a rufe, Inna tana shiga tana sharewa, kafin Malam ya fara ajiye buhunan mutane a ciki.